Ƙwan Fingin Tabawa

Gab da magariba ne, sanyin Jos ya fara shiga ƙashi. Tabawa na alwala ta ce wa 'yarta Rahma ta zuba toka a akurki saboda ƙuma. Fingi ce ke kwanci a ciki, kazar nan mai gashi a murɗe, irin da uwar Tabawa ta zo da shi tun zamanin haƙar kuza. Zakaran ya mutu da damina. In ƙwan nan bai ƙyanƙyashe ba, iri ya ƙare.

Yaran yanzu da gaggawa. Rahma ta kwaso tokar da zafinta daga murhu, ta watsa a lungun akurki, ba sallama ba bisimilla.

Ba a idar da salla ba dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo. Tabawa ta leƙa waje, babu kowa. Da ta juyo sai ta ga Rahma tsugune a bakin akurki, idanu a kafe, tana gurnani da muryar da ba tata ba.

Kwana da kwanaki yarinya ba ci ba barci. Har uwarta ta ciza. Sai aka ɗauko Malam Abdulfatah daga Bukuru.

Ya daɗe yana karatu a kanta kafin muryar ta fito, ta tsohuwar mace, a shaƙe. Ta ce ɗumin kazar ne ya kawo su. Jikanta na kwance a lungun aka ƙone masa baya.

"A yanka min fingin," in ji ta.

"Ba a yanka wa kowa sai Allah," in ji Malam.

"To yarinyar tawa ce."

Ya ɗaga murya da karatu har tsohuwar ta yi ƙara. Daga bisani ta sauko. Ta ce a bar mata akurkin, a kwashe ƙwan yanzu, kada ƙafar ɗan Adam ta sake shiga.

Malam ya dubi Tabawa. Shi bai sani ba, amma ita ta sani: fingi ba ta bin ƙwai in an sauya mata gurbi. Ta dubi Rahma, duk ta rame, leɓe a tsage. Ta tashi ta kwashe ƙwan a zaninta, da ɗuminsu.

Rahma ta yi atishawa, ta zube. Can ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa."

Tabawa ta shimfiɗa ciyawa a kicin, ta jera ƙwan, ta ɗora kazar a kai, ta kife ta da kwando. Da aka buɗe, kazar ta tsallake ƙwan ko kallo ba ta yi ba. Ta koma tsohon akurki ta baje fiffike a kan ƙasa, a lungun nan da aka watsa toka, inda ido ba ya ganin kowa. Babu wanda ya je ya fito da ita.