Farar Rigar Dogo

A ɗakin wanki na ƙasan benen ɗalibai suka fara haɗuwa. Auta, sabuwar zuwa karatu ƙasar waje, ko akwatinta ba ta gama kwashewa ba, tana tsaye gaban injin wanki ta riƙe ƙugu, tana hararar rubutun da ke jikinsa. Ba Turanci ba ne, ba kuma wani yare da ta taɓa gani ba.

"Sannu da aiki. A taimaka?"

Hausa ce ta faɗo kunnenta, karo na farko tun saukarta daga jirgi. Ta waiga. Wani saurayi ne rungume da kwandon kaya, sai da ta ɗaga kai sosai kafin ta ga fuskarsa.

"Na gode," ta ce. "Wadda ta zo karatun haɗa magunguna ai injin wanki ba zai gagare ta ba."

"Allah ya huci zuciyarki," ya ce, ya samu benci ya zauna.

Ta danna maɓallin da ya yi mata. Da injin ya tsaya ta buɗe, sai ga farar rigarta ta shiga ɗakin gwaji ta koma ruwan hoda, jan mayafinta ya zuba a jiki. Washegari kuwa za su fara darasi, kuma an gargaɗe su babu mai shiga sai da farar riga.

"Ka yi dariyarka mana," ta ce, "kada ta shaƙe ka."

Ya yi ta kuwa har da riƙe ciki, sannan ya zaro tasa farar rigar daga kwando ya miƙa mata.

"Dogo ake ce min, kin dai ga dalili. Sashenmu ɗaya, shekarar ƙarshe nake. Ki naɗe hannun, za ta yi."

Haka ta shiga darasin farko da riga har idon sawu, kanta a sama, ta zauna a layin gaba.

Kwanakin farko ba su zo mata da sauƙi ba. Sanyi na shiga har ƙashi. Abincin kantin makaranta salam, ba gishiri ba yaji. Ta gaishe da maƙwabciyar ɗakinta har da tambayar mutanen gida, matar ta dube ta kamar ta zo bincike. Ran nan bas ta kwashe ta ta kai ta ƙarshen gari, ta sauka a gaban wata masana'anta tana raba ido. Amma duk sanda Umma ta kira, sai ta gyara murya ta ce, "Lafiya lau nake, Umma, garin ma kamar don ni aka gina shi."

Dogo ne ya nuna mata basar da ke zuwa makaranta, da shagon da ake samun barkono mai zafin gaske, da yadda ake cewa na gode a yaren garin. Tun saƙonninsa na zuwa kan karatu har suka sauya launi.

"Likitata, kin ci abinci kuwa? Yau na hango ki kina gardama da malami, sai na ji tausayinsa."

Ta mayar masa: "Na ci. Kuma ni ce da gaskiya, shi ma ya yarda. Ka sa rigar sanyi, iskar nan dogaye take fara kamawa."

Ana haka wata ɗaliba 'yar shekara ta uku, wadda ake kira 'Yar Gayu, ta tare ta a kicin ɗin bene tana yanka albasa.

"Ƙanwata, ki bi a hankali. Dogo na kowa ne. Rigar nan da kike taƙama da ita, ni ma na saka ta shekarar da na zo."

Maganar ta soki Auta, amma ba ta cikin masu ƙunshe abu a ciki. Da yamma ta same shi a ɗakin karatu, ta ajiye rigar a gabansa a ninke.

"Tambaya ɗaya. Ni ta nawa ce?"

Ya dube ta, ya rufe littafinsa.

"A aron riga, ban ƙirga ba. Duk baƙon da na gani a ruɗe ina taimakonsa, don ni da na zo ban samu kowa ba. Amma wadda na ba mahaifiyata labarinta, ke ce ta farko, kuma ba na fatan ta biyu."

Auta ta sunkuyar da kai.

'Yar Gayu ba ta haƙura ba. Ta ɗauki hotonsu suna tsaye a tashar bas ta watsa a zauren ɗalibai na waya, hoton ya yi ta yawo har ya faɗa hannun Yaya, babban wan Auta, shi kuma ya kai wa Abba.

Abba tsohon hedimasta ne, ba ya magana biyu. Ya kira ta ta bidiyo, tabarau a kan hanci.

"Karatu na tura ki ko yawon tasha? 'Yan'uwana sun ce kada in kai 'ya mace nesa, na toshe kunnena. Ki haɗa kayanki, ƙarshen zango za ki dawo gida."

Ta gyara zama ta ce:

"Abba, ka yi haƙuri, na yi kuskure da ban fara sanar da ku ba. Amma ban zubar da tarbiyyarka ba, ban kuma saki karatuna ba. Ka bar ni in rubuta jarrabawa. In sakamakon bai yi maka ba, da ƙafata zan dawo."

Daga gefe aka ji Umma na cewa, "Malam, kai fa ka koya mata magana." Abba ya yi gyaran murya ya kashe wayar.

Da Dogo ya ji, saƙo ɗaya ya turo:

"Likitata, daga yau na janye sai kin gama jarrabawa. Ba fushi ba ne, karatunki ya fi ganinki da nake so. Ki ba ni lambar Abba, ta ƙofa nake son shiga."

Ya kira Abba ya gaishe shi. Abba ya yi masa tambayoyi kamar mai ɗaukar sabon malami: ɗan wane ne, me yake karanta, me zai yi in ya gama. Dogo ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ce ba zai taɓa yarda ta ajiye karatu saboda shi ba, Abba ya ce, "Za mu gani."

Auta kuwa ta duƙufa. Suna haɗuwa a hanya sai dai sallama da murmushi, kowa ya wuce. Da sakamako ya fito, ita ce ta biyu a ajinsu. Ta tura wa Abba ba tare da ƙarin ko kalma ba. Ba a jima ba amsarsa ta shigo:

"Wa ya zo na ɗaya, kuma me ya fi ki? Allah ya yi miki albarka. Ki ce wa yaron nan ya turo magabatansa."

Ta yi tsalle a tsakar ɗaki har maƙwabciyarta ta leƙo, karo na farko kuma matar ta yi mata murmushi.

A dogon hutu suka je gida aka ɗaura aure. Dogo ya samu gurbin ƙaro karatu a makarantar, don haka tare za su koma. Yaya da kansa ya yi ta ɗawainiya da baƙi, yana kauce wa idon Auta. 'Yar Gayu ma ta turo saƙon taya murna, Auta ta amsa mata da addu'a.

Ranar tafiya Abba ya kama hannunta ya ɗora a na mijinta.

"Ga ta nan. Bakinta da kaifi, amma zuciyarta fara ce. Ka dawo min da ita da digirinta."

"In sha Allahu, Abba."

Umma na share ƙwalla tana cewa, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya tsare ku a duk inda kuka sa ƙafa."

Gaba ɗaya gidan ya amsa da amin, muryar Auta ta fi ta kowa fitowa.