Rabin Maganar Malam Zainul Abidin

Da gardama Ilham ta fara sanin Zainul Abidin. An tara malaman sakandare a Kankia domin bita, aka raba musu ɗan labarin wani makiyayi da saniyarsa ta ɓace, aka ce kowa ya nuna jimlar da ɗalibi zai kafa hujja da ita cewa makiyayin mai haƙuri ne.

Zainul Abidin ya miƙe ya karanta inda aka ce makiyayin bai yi kuka ba.

"Malam, rashin kuka ai ba haƙuri ba ne," in ji Ilham, wadda ke koyar da Hausa a Kusada. "Duba ƙasa, inda maƙwabcinsa ya yi masa dariya, shi kuwa ya miƙa masa ƙwaryar nono."

Ya duba takardar, ya ɗago ya dube ta, ya yi murmushi. "Kin kayar da ni, Malama."

Da aka tashi ya nemi lambarta, wai saboda aiki. Bayan la'asar saƙonsa ya shigo: "Malamata, na koya wa zuciyata jimlarki kafin in kai ta aji. Kin isa gida lafiya?"

Tun daga nan suke shirya darasi tare ta waya. Ita ta koya masa raba wa yara jimloli uku su tantance wadda ta fi ƙarfi, shi kuma ya koya mata ta riƙa tambayarsu abin da ya zo kafin jimlar da bayanta. Ranar Asabar yakan hau babur ya zo Kusada zance, a gama maganar aji a shiga wata.

Da magabatansa suka nemi izinin zuwa, sai mahaifinta Malam Musa ya ce a dakata. Bishir, ɗan ƙaninsa wanda ya daɗe yana son Ilham, ya kawo masa wani bidiyo da aka ɗauka a aji. A ciki Zainul Abidin na cewa, "Kada ku yarda da magana don kawai babba ne ya faɗe ta."

"Mai koya wa yara raina manya ba zai zama surukina ba," in ji Malam Musa.

Ilham ta kalli bidiyon. Muryarsa ce, babu shakka. Ta daina ɗaukar wayarsa, sai dai ta karanta saƙonsa ta share hawaye: "Hasken idona, in na yi laifi ki faɗa mini. Shirunki ya fi faɗa ciwo."

Wata safiya tana aji, wata ɗaliba ta ɗauko rabin jimla ta kafa hujja da ita. Ilham ta ce, "Murja, ƙarasa karantawa tukuna." Tana faɗa, alli a hannunta, sai ta tuna da bidiyon nan.

Da ta koma gida ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ni da kai rabin magana muka ji. Don Allah ka je ka ji sauran."

Da sati ya zagayo, Malam Musa ya shiga mota zuwa Kankia, ya nemi izinin shugaban makarantar da Zainul Abidin ke koyarwa, ya zauna a bayan ajinsa. Ya ji Zainul Abidin yana cewa, "Ko ni malaminku na ce wane ɓarawo ne a labarin nan, ku tambaye ni da ladabi a wane layi na gani. Kada ku ɗora wa mutum laifi sai kun karanta har ƙarshe."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Da aka fito ya riƙe hannun saurayin ya ce, "Turo manyanka."

Da yamma Ilham ta rubuta masa: "Zain, na yanke maka hukunci ban saurare ka ba. Ka yafe mini."

Amsa ta zo nan take: "Na yafe tun kafin ki tambaya, amaryata."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a Kusada. Ɗalibansu suka cika ƙofar gida, har Bishir ya zo ya ba ango hannu. Da za a tafi da amarya, mahaifiyarta Inna Kubura ta dafa kanta tana murmushi cikin hawaye.

"Ku riƙa sauraron juna, Ilham. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Matan da ke tsakar gida suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.