Kan Auta da Kwanon Abinci

«Ci! Ki ci ina kallonki, munafuka!» Gwaggo ce ke daka tsawa a tsakar gida, Marainiya kuwa na durƙushe da kwanon Auta a gabanta, tana haɗiye loma da hawaye. Wayyo, baiwar Allah! Tun rasuwar iyayenta take gidan Baffanta kafinta, kuma ita ta goyi Auta tun ranar da uwar yarinyar ta rasu wajen haihuwa. Yau ga shi ana cewa ita ke zuba wa ƙanwarta wani abu a abinci...

To, abin ne da ɗaure kai. Auta, 'yar shekara bakwai, lafiya lau take wasanta, amma da an ajiye mata abinci sai kanta ya shiga sunkuyawa yana ɗagowa, ido ya kafe, miyau na zuba. Wa ke dafawa? Marainiya. Wa ke miƙawa? Marainiya. Shi ke nan fa!

Gwaggo, yayar Baffa, ta karɓe girki, ciwo bai fasa ba. Ta ce ai da ido Marainiya take yi, aka riƙa kulle ta a ɗakin katako lokacin cin abinci. Bai fasa ba. Gwaggo ta zazzage jakar Marainiya, ta ɗauko zanen marigayiya uwarta, ta shinshina, ta ce a nan asirin yake, ta cinna masa wuta. Maƙwabta suka daina amsa gaisuwar Marainiya. Shi kansa Baffa sai ya zubar da ruwan da ta kawo masa in ta juya baya.

«Baffa, ni ce fa... ni na goye ta!»

«Ban ce ke ce ba, 'yata,» ya ce, idonsa na kan zarto. «Amma gobe ki haɗa kayanki.»

Ta ɗaga hannu sama tana shessheƙa: «Ya Allah, Kai ne shaidata!»

Washegari da hantsi, Marainiya na ɗaure ƙunshin kayanta, Auta ta faɗi kusa da murhu tana karkarwa, hannunta ya ƙone. Marainiya ba ta nemi izinin kowa ba, ta saɓa ta a baya sai asibiti, Gwaggo na biye tana ihun a tare ɓarauniyar yara, Baffa na bayansu.

Likita ta ɗaure ƙunar, sai ta lura da ƙulli a ƙugun yarinyar da sawun susa a ƙafafunta. Ta yanki ɗan fata, ta ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta tara su.

«Tsutsa ce siririya, wani baƙin ƙuda na bakin rafi ke sa ta. Jiki ya tashi yaƙi da ita, kuma muna kyautata zaton garin yaƙin ne garkuwar jikin ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ganin abinci kan tayar wa irin waɗannan yara ciwon, ko wa ya dafa. Ta taɓa zama bakin rafi?»

Baffa ya juya a hankali ya dubi yayarsa. «Damina uku Auta tana gonarki ta bakin rafi, Yaya.»

«Ai ana raba ƙwayar tsutsa gida-gida a can,» in ji likita. «Ta sha?»

Gwaggo ta yi wuƙi-wuƙi. «Ni ban yarda da su ba... a masai na zuba.»

Innalillahi! Baffa ya dafa bango. «Ki koma gonarki, Yaya. Ni ma Allah Ya yafe mini, amma ƙafarki kada ta sake taka gidana.»

Likita ta fito da maganin farfaɗiya. «Safe da yamma, ba fashi ko na rana ɗaya. Wa zan ba? Ina son wanda ba ya wasa da ran yarinyar nan.»

Baffa ya karɓa, ya durƙusa a gaban 'yar ɗan'uwansa, dattijo da furfura yana kuka kamar yaro, ya danƙa mata a tafin hannu.

«Riƙe, uwata.»