An Bar Dogo a Ɗakin Ƙasa

Ranar da aka fara jifan, Umma tana tsaye a kicin tana wanke kofuna. Rana ta faɗi, amma duhu bai gama shigowa ba. Abba yana falo da tsohuwar fanka a cinyarsa, ya kwance ta ya baje kusoshin a kan jarida. Dutse na farko ya sauka a kan kwano, ya gangaro a hankali, ya faɗo tsakar gida. Na biyu ya biyo shi, sai na uku. Umma ba ta ɗaga kai ba. Wata huɗu ke nan babu abin da yake sa ta ɗaga kai da sauri.

Abba ya fita da fitila ya zagaya bayan gida, ya dawo ya ce yaran unguwa ne. Ya koma kan fankarsa. A lokacin ne suka ji wani ƙaramin sauti daga aljihun teburin cin abinci, kamar ana kaɗa ƙananan ƙasusuwa a tafin hannu kafin a watsa. Duk su huɗun, su da 'ya'yansu mata biyu, sun san sautin, amma babu wanda ya kalli wani.

A cikin wannan aljihun kayan wasan suke. 'Yar farinsu ce ta kawo wasan gidan, wadda kowa yake kira Yaya, har Umma da ta haife ta. Ta liƙa manyan takardu huɗu ta zana taswirar wata makarantar koyon sihiri da ta lalace: malaman sun sayar da kansu ga mugunta, littattafai suna cizon mai buɗe su, ɗalibai kuma an kulle su a wani wuri da ba a sani ba. Duk yammacin Asabar sai ta shimfiɗa taswirar a kan tebur, ita ce mai ba da labari, ƙannenta kuma kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya shiga makarantar da shi. In za ka buɗe ƙofa ko ka tsallake rami, sai ka jefa wasu 'ya'ya irin na ludo, masu fuska da yawa, abin da ya fito shi ne rabonka. Auta ta zaɓi mai magani. Dogo, ɗansu namiji tilo, ya zaɓi mai buɗe ƙofofi, mai tarin mukullai. Da farko Abba ya ɓata rai da jin sunan sihiri a kan teburinsa, har sai da Yaya ta ce ai yaƙar masu sihirin ake yi. Daga baya ma suka ja shi ciki suka ba shi mai gadi, kuma duk sanda aka zo kansa sai a tarar ya yi barci a kujera, Dogo ya ce tunda aka fara wasan nan ba a taɓa samun wanda ya iya aikinsa kamar Abba ba.

Asabar ta ƙarshe, mutumin Dogo ya gano matakalar ɗakin ƙasa. Ya ce shi kaɗai zai sauka ya duba. Ya jefa, lamba ta fito ƙarama, Yaya ta ce ƙofar ƙarfe ta rufe a bayansa, fitilarsa ta mutu. Dogo yana dariya yana rantsuwa cewa cuta ce, sai Umma ta leƙo ta ce a kwashe takardun nan za ta ajiye abinci. Yaya ta ce a bari sai wani satin.

Ranar Alhamis mota ta buge Dogo a kan keke, yana dawowa daga wurin koyon aiki. Daga asibiti aka wuce da shi makabarta, ba a kawo shi gida ba. A gidan yayan Abba aka yi zaman gaisuwa saboda can ya fi fili. Da suka dawo gida, ba tare da an yi shawara ba, kowa ya daina faɗin sunansa. Umma ta koma kantin maganin da take aiki, tana ƙirga ƙwayoyi cikin 'yan ledoji, tana rubuta safe da rana da dare. Mutane suna cewa tana da dauriya. Ita dai ta san ba ta jin komai, kamar hannun da aka kwanta a kai.

Jifan ya zama na kullum, kuma ba ya saɓa lokaci. Da zarar hasken yamma ya fara ja, sai duwatsu su fara sauka. Abba ya hau rufi ya duba, ya bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya tunda sana'arsa ce, ya ce ko ɓera ne a silin. Wata rana dutse ya faɗo a tsakiyar falo, tagogi a rufe, silin ba huda. Auta ta ɗauka ta ce da ɗumi. Abba ya karɓa ya jujjuya shi, ya sa a aljihu, bai ƙara maganar ɓera ba.

Sai kuma Yaya ta canza. Ta daina zuwa makarantar da take koyarwa, ta daina cin abinci sai an dame ta. Wata yamma Umma ta dawo daga aiki ta tarar da ita zaune a kan tebur, taswira a shimfiɗe, falon ba wuta. Tana fuskantar kujerar da ba kowa, tana magana da muryar nan da take ba da labari da ita.

"Kana cikin duhu. Ƙofa ta rufe. Me za ka yi?"

Ta yi shiru tana jira. Bayan wani lokaci ta sake tambaya, kalma ɗaya ba ta canza ba. Umma ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, tana kallon wuyan 'yarta da ya rame. Ta san ya kamata ta ji tsoro. Ta nemi tsoron a ƙirjinta ba ta same shi ba. Ta ajiye jakar ta shiga kicin ta ɗora ruwa.

Haka aka yi kwana tara. An kai ta asibiti, an ɗebi jini, an ce babu komai sai rashin cin abinci da damuwa. Magungunan da aka rubuta Umma ta san su, ita take ba wa wasu. Yaya ta sha, ba abin da ya ragu. A rana ta goma suka neme ta suka rasa, sai Auta ta ji numfashi a sito, ɗan ƙaramin ɗakin da ke bayan teburin, inda ake ajiye tsintsiya da tsofaffin akwatuna. Ta shige ta ja ƙofa ta sa sakata ta ciki. Abba ya ɓalle sakatar da guduma. Suka tarar da ita a durƙushe, farcenta sun fashe wajen tonon siminti, jini ya bushe a yatsunta. Da Abba ya kama ta, ta ture shi da hannu ɗaya har bayansa ya bugi bango, ita da ba ta iya ɗaga bokiti cike.

Washegari Abba ya je ya zo da wani Malam mai ruƙiya.

Malam dattijo ne siriri mai tabarau, ba shi da hayaniya. Ya iso ana shirin faɗuwar rana. Ya zauna ya sa aka ba shi labari daga farko, ya dubi taswirar da kyau, har ya tambayi Auta ma'anar wasu alamomi. Abba ya ce in wannan takardar ce silar abin, yanzu zai cinna mata wuta. Malam ya ce takarda takarda ce, a bari a ji daga bakin mai abin.

Aka zaunar da Yaya a tabarma, Umma ta riƙe ta ta baya. Malam ya fara karatu, a hankali, bai ɗaga murya ba. Duwatsu suka fara sauka a kan kwano kamar ruwan sama mai ƙanƙara. Ya ci gaba. Jikin Yaya ya yi nauyi a hannun Umma, ya yi zafi, sannan ya sandare. Jifan ya tsaya cak. Kanta ya ɗago, bakinta ya buɗe, muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce, busasshiya, mai gajiya.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

Malam ya tambaye ta ko ita wace ce, kuma me ya haɗa ta da 'yar mutane. Ta ce a nan take tun kafin a sa tubalin gidan, a wurin da siton yake. Nata duk sun watse sun bar ta. Masu haya sun zo sun tafi ba ta taɓa kowa ba. Ta ce shekara biyu tana zama a bakin siton duk Asabar tana sauraro, ta san kowane lungu na makarantar nan, ta san malamin da ya fara lalacewa, ta san inda mai magani ta ɓoye kwalbarta. Cikinsu duka mai mukullan ta fi so, don in ya yi dariya har siton take ji.

"Kun rufe shi a ƙasa kun tashi kun ci abinci. Na jira Asabar, ba wanda ya zo. Na jira wata. Na yi ta jira. Ina kuka kai shi?"

Malam ya ce ai ta san wasa ne, zane ne a takarda. Ta ce ta sani, ba yarinya ba ce. Amma tun wannan satin ba ta ƙara jin muryarsa a gidan ba, ba ta ƙara jin an kira shi ba, kamar ba a taɓa yin sa ba. Wannan yarinyar ce ta rufe ƙofar, don haka za ta riƙe ta har sai ya fito. Malam ya ce ba ta da hakki a jikin da ba nata ba, ya koma karatu. Ta yi ƙara, ta ce to a ba ta 'ya'yan wasan ta tafi da su. Ya ce ba a ba irinta komai a madadin mutum. Ta ce a bar mata yarinyar ranar Asabar kawai. Ya ce ko sa'a ɗaya. Muryar ta yi ƙasa sosai.

"To a faɗa mini inda yake. Shi ke nan abin da nake nema."

Malam ya cire tabaransa ya dubi Abba. Abba ya buɗe baki, leɓɓansa suka motsa, ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da tafin hannu. Sai Malam ya dubi Umma.

Umma tana jin ƙasusuwan bayan 'yarta a ƙirjinta. Ta lura cewa wata huɗu da kwanaki ba ta taɓa haɗa kalmomin a bakinta ba. A asibiti likita ne ya faɗa. A waya Abba ne ya faɗa. A kanti kowa ya riga ya ji. Ta yi magana da muryar da take karanta wa mutane takardar magani.

"Dogo ya rasu. Mota ce ta buge shi, ranar Alhamis, bayan la'asar. Ba wanda ya rufe shi a ko'ina. Ɗana ne, ya rasu."

Auta ta fara kuka ba sauti. Can tsohuwar ta tambaya ko ya sha wuya. Umma ta ce an ce mata bai sha ba, amma ita ba ta nan, ba ta sani ba. Hawaye suka gangaro daga idanun Yaya, Umma ba ta san na wace ce a cikinsu ba.

Tsohuwar ta ce ba ta sani ba, da ta sani da ba ta yi jifa a gidan makoki ba. Ta roƙi abu ɗaya, a sa yarinyar ta buɗe masa ƙofar a labarin. Malam ya ce labarin na yarinyar ne, in ta warke ta yi yadda take so da shi, ba a ɗaura mata sharaɗi. Ya sa ta yi alkawari da sunan Allah cewa za ta fita, za ta bar gidan, ba za ta dawo ba. Ta maimaita bayansa kalma-kalma. Ta ce dama babu abin da za ta zauna ta saurara kuma. Yaya ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta zube a jikin Umma.

Da ta farfaɗo ta nemi ruwa. Ta dubi yatsunta da aka naɗe, ta tambayi me ya same su. Ba ta tuna komai ba tun yammacin da ta buɗe aljihun tebur don ta ga rubutun Dogo a takardar wasan. Ta ce tun ranar Alhamis ɗin take jin kamar ita ce ta tura shi, ta san ba hankali a ciki, amma ta kasa daina ji. Umma ta ce ba ita ba ce. Abba, daga inda yake zaune, ya ce ba ita ba ce. Malam ya sha shayi rabin kofi, ya ce a riƙa yi wa yaron addu'a da sunansa, da ƙarfi, a cikin gidan, sannan ya tafi.

Ba a ƙara jifa ba. Yaya ta ɗauki sati uku kafin ta koma aiki, farcenta sun fi haka daɗewa. Ba ta ƙarasa labarin ba, kuma ba wanda ya ce ta ƙarasa. Umma ba ta yi kukan da ake ta ce mata zai zo ba. Tana tashi, tana dafa abinci, tana tafiya aiki, abubuwa suna wucewa ta gabanta kamar ta bayan gilashi.

Wata safiya wata mata ta shigo kantin da jariri mai zazzaɓi, haihuwar fari, duk ta rikice. Umma ta auna mata maganin, ta nuna mata layin da za ta tsaya a cokali, ta ce kada ta damu, haka suke yi in haƙori zai fito. Matar ta ɗan samu natsuwa, ta ce da gani Hajiya ta yi renon da yawa, 'ya'yanta nawa?

Umma ta rufe kwalbar, ta sa a leda, ta ɗaure bakin.

"Uku," ta ce. "Na tsakiyan ya rasu. Dogo muke ce masa."

Matar ta yi mata gaisuwa, Umma ta amsa. Ta miƙa mata ledar, ta tsaya tana kallon hannunta har matar ta fita. Sannan ta kira na gaba.