Aibin da Labaran Ya Faɗa da Bakinsa

"Saude, kada ki shimfiɗa tabarmar nan. Ba zama na zo yi ba."

Na tsaya da tabarmar a hannu ina kallonsa. Labaran ne, amma wallahi da a hanya muka gamu sai in wuce shi. Rigar da a da yake cika ta, yanzu rataye take a kafaɗunsa. Tun da aka kwantar da shi a asibitin Kano farkon damina ban sa shi a ido ba sai yau, a zauren yayana Ƙasimu, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen Utai.

"Sannu da jiki, Malam. Ko ɗinkin ne yake damunka?"

"Ɗinki ya warke."

"To mene ne? Ka dube ni mana!"

Bai dube ni ba.

Ni ba yarinya ba ce, bazawara ce. Mijina na fari ya rasu ya bar ni hannu rabbana. Sau ɗaya na taɓa haihuwa, ɗan bai kai ranar suna ba ya koma, kuma tun daga nan babu abin da nake roƙon Allah kamar in sake jin nauyin goyo a bayana. Shi kuwa Labaran dillalin shanu ne a Kara, matarsa ta rasu, furfura ta fara cin gemunsa. Duk Wudil an san halinsa: in saniya na da aibi sai ya faɗa wa mai saye tun kafin a taya, mai ita ya yi ta fushinsa. Wannan halin ne ya sace mini zuciya. An sa ranar aurenmu bayan girbi, sai wata Juma'a ana tsakiyar cin kasuwa fitsari ya ɗaure masa, ya faɗi yana murƙususu a tsakanin shanu. Aka sha saiwa, aka sha rubutu, a banza. Haladu mai lori ne ya ɗauke shi zuwa Kano.

"Baturen likita ya ce wani ƙullutu ne ya tsiro a bakin mafitsara ya toshe hanya," in ji shi a hankali. "Ya tsaga mara ya cire. Fitsari kam alhamdu lillahi."

"To ai sai godiya!"

"Da saura, Saude. Malamin asibitin da yake mana tafinta ya gaya mini... haihuwa ta ƙare mini."

Tabarmar ta suɓuce daga hannuna.

"Ɗaya abin kuma..." Ya juya fuskarsa ga bango. "Abin da ke tsakanin miji da mata. Ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila shi ke nan. Har yau ban ga alama ba."

"Innalillahi..."

"Ke na fara gaya wa. Gobe zan gaya wa Ƙasimu da liman."

"Ka haukace ne? Wa ya tambaye ka? Ka rufa wa kanka asiri mana!"

"Saniyar wani ma ban taɓa ɓoye aibinta ba, sai nawa? Kuma a wajenki, hasken idona?"

Ya fita cikin iskar nan ko sallama bai yi ba. Ni kuwa na durƙushe a zauren.

Ashe ma wahalar banza yake shirin yi. Washegari da hantsi ina tankaɗe, sai ga Gwaggo Indo, ƙanwar babanmu, ta faɗo gidan ko mayafi bai zauna a kanta ba.

"Ke Saudatu! Kin ji abin da ake faɗa a Kara? Wai Turawa sun dandaƙe miki angon!"

"Gwaggo, wa ya faɗa?"

"Haladu mana! Yana tsaye bakin taga lokacin da ake gaya masa. Ga shi can ma ya aiko wa yayanki goro, ya ce in an fasa da wancan shi yana ciki."

"Allah ya isa!"

"Allah ya isar miki da wa? Ke da in an yi suna a maƙwabta sai kin shige ɗaki kin sha kuka? Me za ki je yi gidan nan, tuƙa tuwo?"

Yaya Ƙasimu ya leƙo daga turakarsa, fuska a ɗaure. "Haladu lafiyarsa ƙalau. Ki yi wa kanki faɗa."

Da yamma Haladun ya zo da kansa, yana ta ƙamshin turare da man mota. Na fito ko gaisuwa ban yi masa ba.

"Ka ɗauki mutum yana tsakanin rai da mutuwa, ka laɓe kana tsintar sirrinsa, ka zo ka baza a kasuwa. Kai dai ba ka ji kunya ba, Haladu!"

Ya yi murmushi. "Taimakonki na yi."

"Riƙe kayanka."

"To. Amma ki tuna, Labaran ya girme ki nesa ba kusa ba. Wata rana za a fita da shi, a bar ki a gidan nan ke kaɗai. Ko wanda zai ɗebo miki ruwa ba ki haifa ba."

Na tsani bakin da ya faɗi maganar, amma wallahi ta shige ni. Kwana da kwanaki ko tuwo ba ya wuce mini. In na tuna muryar Labaran sai in ji ba zan iya rayuwa babu shi ba. In na ji kukan jinjirin maƙwabta sai maganar Haladu ta dawo mini. Ruwa ya yi ta zuba, kogi ya kawo har gonakin bakin gaɓa, aka daina ganin Labaran a Kara. Aka ce in ya ratsa, samari sai su riƙa yin kukan shanu a bayansa.

Duk da garin ya riga ya ji, bai fasa ba. Bayan 'yan kwanaki Labaran ya zo da Malam Dattijo, limamin unguwarmu, suka zauna a zaure da Yaya Ƙasimu. Ina bayan ƙofa na ji shi yana faɗa da bakinsa, tiryan-tiryan, bai rage komai ba.

"Saudatu, kina nan?" in ji liman.

"Ina nan, Allah gafarta Malam."

"To ki saurara da kyau. Da an ɗaura ba ki sani ba, shari'a ta ba ki zaɓi. Amma in kin ji da kunnenki kika yarda, kin sarayar da shi. Gobe in abin ya ishe ki, ba ki da ƙara a kan wannan a gaban alƙali. Kin fahimta?"

"Na fahimta."

"Saude." Labaran ne. "Don girman Allah ki ce a'a. Ina sonki, shi ya sa. Ki ce a'a."

Na san abin da zan binne in na buɗe baki. Amma a duk mazan da ke cikin garin nan, shi kaɗai ne ya tsaya ya tozarta kansa don kada a cuce ni.

"Na ji, na yarda."



"Maimaita," in ji liman.

"Na ji, na yarda!"

Yaya Ƙasimu ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Ba zan hana bazawara zaɓinta ba. Zan ba da ke. Amma ranar da kika taho da kuka, ki sani ƙofar nan a rufe take."

Bayan girbi aka ɗaura. Ba kiɗa, ba guɗa. Matan da suka zo rakiya sai kallon juna suke yi ƙasa-ƙasa. Ana haɗa mini kaya na ga Gwaggo ta ɗauko majanyin saƙin da marigayiya Innarmu ta bar mini, wanda ban taɓa goyo da shi ba. Ta tsaya da shi a hannu, ta rasa inda za ta sa.

"Kawo, Gwaggo."

Na karɓa, na ninke, na miƙa wa Lubabatu matar Yaya, da cikinta ya tsufa.

"Ungo. Allah ya sauke ki lafiya."

Ban yi kuka a gabansu ba. Sai da 'yan rakiya suka watse gab da magariba, gidan Labaran ya yi shiru, ko motsin kaza babu, sannan ya ƙwace mini. Na yi shi har da shessheƙa.

Ina cikin yi na ji tsayuwarsa a bakin ƙofa. Ya daɗe bai shigo ba.

"Kin yi nadama ko, Saude? Faɗa mini gaskiya. Ko yanzu kika ce in sake ki..."

"Rufe mini baki, Malam!"

"To kukan fa?"

"Na 'ya'yana ne da ba za su zo ba. Yau zan yi musu, kuma ba lallai in gama yau ba." Na share fuska da gefen zane, na matsa masa wuri a bakin gado. "Kada ka lallashe ni. Shigo kawai ka zauna kusa da ni."

Ya cire takalmansa ya shigo.