Bayan da Zai Goya Umma

"Wayyo Uwata, riƙe ni!"

Ta riƙe ta. Wallahi ta riƙe ta da duk abin da ya rage mata. Amma hannuwan suka ƙi, gwiwoyin suka lanƙwashe, sai ga su su biyu zube a kan tayil, tsakanin gado da keken guragu.

"Innalillahi... Umma, kin ji ciwo?"

"Ban ji ba. Ƙasusuwanki ne ke sukata. Ke, me kika yi wa jikinki?"

Tilo ta fashe da kuka.

Tilo ake ce mata, don ita kaɗai Allah Ya bar wa Umma, ita kuwa Umma Uwata take kiranta. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Umma, duniyarsu ta koma ɗaki biyu da falo a can saman wani bene mai ƙuntatacciyar matakala. Umma kuwa ta rantse ba namijin da zai ciccibe ta kamar buhu, shi ya sa tun da aka hawo da ita ba ta sake sauka ba. Taga ce titinta, taga ce kasuwarta.

Ko Likita, mai zuwa yi mata gashin ƙashi, bai samu sassauci ba. A kujera yake zama yana ba da umarni, hannun Tilo na aiki. "Ɗaga ƙafar a hankali... yawwa." Daga yawwa aka koma murmushi, daga murmushi aka koma maganar aure.

Sai Yaya Babba ta shigo zancen, yayarsa da ta goya shi a bayanta tun rasuwar mahaifiyarsu. Ranar farko ta kalli Tilo sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Wannan ai sai an faɗaɗa mata ƙofa. Ba kawun da zan tura neman aure sai na ga sikeli ya sauka. Kuma kar ƙanena ya ji."

Ita ta yi mata rajista a wajen motsa jiki na mata, ta damƙa ta a hannun Koci, mai horarwa a wajen, ƙanwar aminiyarta. Kowa ya san Koci ta daɗe tana mutuwar son Likita. Shi kaɗai ne bai sani ba, maza ke nan!

"Injin gudu kawai, ƙawata," in ji Koci da baki kamar zuma. "Kar ki kusanci ƙarfe, ƙato za ki koma. Abinci kuma ki yi masa sallama."

Injin nan bango yake kallo. Kullum da safe Tilo za ta bar Umma da maƙwabciya, ta hau, ta yi ta gudu, zufa na zuba, bangon yana nan inda yake. Ta dawo gida da yunwa, ta tarar da wasu bangayen. Sikeli ya sauka kam, ta ɓoye ramar cikin manyan hijabai. Ga shi yau Umma, wadda take ɗauka kamar jaririya, ta gagare ta.

A haka sallamar Likita ta same su. Ya juya baya da sauri, ya ƙwala wa maƙwabciya kira, su biyu suka mayar da Umma kan gado.

A falo ya tsare ta da ido.

"Miƙo hannu, ki matse wannan ƙwallon."

Ta matsa. Ƙwallon roba ko lotsawa bai yi ba.

"Rabin raina... wa ya yi miki haka?"

Ta faɗa masa komai, tana jan majina. Jijiyar goshinsa ta tashi.

"Yanzu zan je wajen Yaya!"

"Kar ka je. Ita ce uwarka, ba zan raba ka da ita ba." Ta share hawaye. "Amma ka gaya min yadda zan yi. In na ci abinci na rasa ka. In na ƙi ci na kayar da Umma. Ina zan sa kaina?"

Ya sassauta murya.

"Ni ban ce ki rage komai ba, haka na gan ki na so ki. Amma in za ki yi, ki yi don lafiyarki, kuma ki yi daidai. Gudu ba maƙiyinki ba ne. Yana ƙona abinci da yawa lokacin da kike yin sa, yana ƙarfafa zuciya da numfashi. Sai dai in kin haɗa shi da yunwa, jiki ba ya zaɓe. Kamar mai girkin da itace ya ƙare mata ne, har kujera sai ta faskara. Ya ci kitse, ya ci tsoka."

"Ƙarfen fa? Koci ta ce..."

"Rabu da Koci! Ƙarfe ne ke gaya wa jiki, wannan naman ina aiki da shi, kar ka taɓa, je ka ci kitse. Ki haɗa biyun, ki ci ƙwai da wake da kifi, ki rage zaƙi da maiƙo. Sikeli zai yi nawa, amma ki saurari siket ɗinki."

"Siket ba ya magana."

"Naki zai yi," ya ce, har sai da ta yi dariya cikin hawaye.

Washegari ta wuce injin gudu ta nufi inda ƙarafa suke. Koci ta zaro ido.

"Ke! Wa ya aike ki?"

"Uwata ce ta faɗi a hannuna," in ji Tilo, ta sunkuya ta ɗauki mafi ƙanƙanta.

Yau ƙarfe, gobe gudu, jibi hutu. A gida ta riƙa hawa matakala da jarkar ruwa a baya. Watanni suka shuɗe, tela ya rage mata siket har sau biyu, ɗaukar Umma ta dawo wasa. Amma sikeli, ɗan banza, ya kafe kamar jakin da ya ga ruwa. Koci kuwa ba ta ɓata lokaci ba wajen kai wa Yaya Babba rahoto.

Wata safiya Yaya Babba ta bugo waya. "Gani nan zuwa da sikelin, a yi ta ta ƙare."

Tilo ta zauna bakin gado jiki a sanyaye. Umma ta kalle ta.

"Ba za ta hawo ta same ni a kwance tana auna min 'ya kamar ragon sayarwa ba. Ɗauko babban zanen nan. A ƙasa zan tarbe ta."

"Umma... matakala ce fa!"

"Na ce ɗauko!"

Maƙwabciya ta taimaka aka ɗaure goyon tamau, ta biyo su a baya tana tallafe. Likita, da ya zo duba Umma, ya yi gaba da keken. Tilo ta dafa bango ta sa ƙafa. Cinyoyinta suka ɗauki nauyin ba gardama, ƙirjinta na shan iska a natse. Hawa ɗaya ya wuce. Numfashin Umma na sauka a wuyanta, tana ta salati.

A kwanar ƙarshe suka yi kiciɓis da Yaya Babba tana haki, Koci a bayanta rungume da sikeli. Hanyar ba ta ɗaukar mutum biyu. Dole baƙin suka koma da baya da baya har ƙasa.

Koci ta dire sikelin a bakin ƙofa. "Ai sai a sauke tsohuwa ta hau."

"Ba za a sauke ni ba," in ji Umma. "Hau, Uwata, da ni a bayanki. Tunda awo suka zo yi, su auna duk abin da kike ɗauke da shi."



Yaya Babba ba sikelin take kallo ba. Ƙullin zanen take kallo a ƙirjin Tilo, irin ƙullin da ita ma ta yi tana yarinya, da maraya a bayanta. 

"Ɗauke abin nan daga gabana," ta ce wa Koci. Ta juya ga ƙanenta, ido jawur. "Kai kuma ka tsaya kamar gunki! Ka kira Kawu, ka ce su shirya." Ta matso ta gyara wa Umma ɗankwali. "Ki yafe ni, Umma."

Likita ya turo keken, fuskarsa kamar gonar auduga. "Bismillah, amaryata, sauke ta ki huta."

Tilo ta kai hannu ga ƙullin. Umma ta ƙanƙame wuyanta da hannun mai lafiyar. Rana na dukan fuskarta, hawaye na bin kuncinta.

"Kar ki sauke ni tukuna, Uwata. In ba ki gaji ba, kai ni bakin titi in ga mutane."

"Ban gaji ba, Umma."

Ta gyara goyon, ta taka waje.