Saura Bugu Biyu

Jirgin ƙarshe ya kwashe 'yan yawon buɗe ido, tashar tsibirin ta yi tsit. Froso mai gidan abinci ta durƙusa a bakin ruwa tana buga kifin nan mai hannu takwas a kan dutse, don sai ya sha bugu arba'in namansa ke laushi.

Sai ta ji mutum a bayanta. Ko waiwayawa ba ta yi ba. Ta san irinsu, jajaye kamar an gasa su, ko kashin jaki suka gani sai sun ɗauki hoto.

"Bawan Allah, jirginku ya tafi. Ka tsaya kallon tsohuwa kamar ba ka da uwa a garinku? Mun rufe!"

Ruwa kawai ke ɗiga daga jikinsa, ga warin ruɓaɓɓiyar ciyawar teku. Ta yi tsaki, ta jefa kifin a bokiti.

"Talatin da takwas kika yi," in ji shi da harshen garin, murya kamar ta mai kurkure baki. "Har yanzu sai kin rage biyu."

Mijinta Thanasi kaɗai ke ƙirga mata, kuma shekara tara ke nan da teku ta dawo da kwalekwalensa babu shi.

"Ke Froso, ina kwalekwalena?"

Kwalekwalen yana nan ƙofar gidan abincin. Tuni ta sa an yanka shi biyu, ta cika shi da furanni don baƙi su riƙa ɗaukar hoto. Sai ta ji jiƙaƙƙen takun ya juya, ya nufi wajen.